Sandar dogarawa, daga sara zuwa shafa mai

Wanda ya taɓa zaga kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya ga masu sanduna sun jingina hajarsu dami-dami kusa da masu igiya. Kusan dukkansu sandunan kiwo ne, dogaye, sirara, masu ɗan lanƙwasawa in an danna, an yi su don kora shanu da saɓawa a kafaɗa. Sai mutum ya sayi ɗaya ya kai wa tsohonsa mai ciwon gwiwa, bayan sati biyu ya tarar an jingine ta a bayan ƙyaure, tsoho ya koma bin bango. Ba raini ba ne. Sandar kiwo ba a yi ta don ɗaukar nauyin mutum ba. Wadda za a dogara a kanta tana bukatar kauri, da makama mai cika tafin hannu, da gindin da ba ya zamewa, da tsawon da aka auna a jikin mai ita. Sassaƙar kanta aikin yini guda ne. Abin da ke cin lokaci, kuma inda yawancin sanduna ke lalacewa, shi ne tsakanin ranar da aka sare ta da ranar da wuƙa ta fara taɓa ta.

A fara da itace. Geza, wadda ke fitowa a fako da gindin duwatsu irin na wajen Kazaure da Dutse da Rano, tana ba da tsiro miƙaƙƙe mai tauri, kuma da wuya kaurinta ya zarce abin da ake so. Ɗunɗu ya fi ta nauyi da ƙarfi, cikinsa mai duhu ne, sai dai ƙayarsa ba ta wasa da mai sara. Aduwa, wadda ake allo da ƙotar fartanya da ita, ƙwaro bai cika damunta ba, amma kowace ƙaya tana barin ido a jikin sanda, sai an yi haƙurin gogewa. Kanya da marke in suka bushe lafiya sai jika ya gaje su, illa dai marke yana da saurin tsagewa wajen bushewa. Magarya da kurna suna da jijiya, ba sa karyewa farat ɗaya, amma kafin ka sami miƙaƙƙen reshe a jikinsu sai ka zaga. Wanda yake kusa da lambu kada ya raina gwaiba: itacenta matsattse ne, yana karɓar lanƙwasa, kuma yana yin sumul in an goge. Mai koyo ya fara da geza ko gwaiba.

Darbejiya fa, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro? Ita ce ta fi sauƙin samu, tunda kusan kowace ƙofar gida da kowace makarantar firamare akwai ta, ko da yake baƙuwa ce, a 1928 aka fara shuka ta a lardin Borno. In aka datse kanta takan fito da tsirrai miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, kuma ɗacinta yana rage mata ƙwaro. Matsalarta, tsiron shekara ɗaya ko biyu ɓargonsa faɗi gare shi, naman itacen kuma bai nuna ba, sai ya yi kyau a ido ya karye a hannu. In da ita za a yi, a nemi tsiron da ya shekara uku ko huɗu, a kuma ƙara masa kauri kaɗan a kan na geza.

Kuka da rimi da cediya da durumi da zogale da tumfafiya duk ba su cikin lissafi, cikinsu kamar soso yake. Gawo da ɗanya sun ɗan fi su, amma ƙwaro na son su. Itacen turare miƙaƙƙe ne mai jan hankali, sai dai yana murɗewa yana darewa tun daga baki har tsakiya. Ƙirya kuwa ta yi wa hannun tsoho nauyi, ga shi ta yi ƙaranci, a bar wa masu turmi da maƙera abin da ya rage.

Inda za a sara ma magana ce. Itacen da ke cikin gona da mai shi, ko da kututture ne, a nemi izini. Gandun daji irin Falgore a kudancin Kano ko Baturiya a ƙasar Haɗejiya ba wurin shiga da adda ba ne, malaman daji na nan, kuma ba a sanda ɗaya suke ganin abin ba. Wuri mafi kyau shi ne kututturen da aka sare da daɗewa ya yi toho. Irin wannan tohon yana tashi da sauri yana neman rana, shi ya sa yake miƙewa babu rassa da yawa. Manoman da ke barin toho biyu ko uku a kowane kututture lokacin sassabe, abin da mutanen Maraɗi ke kira sassabin zamani, su ne suka fi kowa sanduna masu kyau a gonakinsu, ko ba su lura ba. Ka ɗauki ɗaya, ka bar sauran su zama bishiya.

Tsiron da za ka zaɓa, kaurinsa da ɓawo ya kai santimita 3 da rabi zuwa 4 a wajen gindi, wato in ka zagaye shi da babban yatsa da manuni su haɗu da ƙyar. Kada ka ga kamar ya yi kauri. Ɓawo zai tafi, bushewa za ta rage, gogewa za ta rage, abin da zai saura bai wuce santimita 2 da rabi zuwa 3 ba. Tsawo kuma a sare shi da rara: in sandar santimita 90 ake nufi, a yanko 125 ko 130, domin kowane baki sai an yar da kusan taƙi guda daga baya. Dubi jikinsa da kyau. Ƙananan idanu na ƙaya ba komai, ado ne ma. Babban ido inda reshe ya mutu ya ruɓe, musamman a tsakiyar tsawon, nan za ta karye ranar da aka fi bukatarta. Haka wurin da akuya ta taɓa ɓare ɓawo ko wuta ta taɓa lasa. Lanƙwasa mai tsawo kamar ta baka ana iya miƙar da ita. Gwiwa mai kaifi, inda itacen ya karya kwana lokaci ɗaya, ba ta miƙuwa, kada ka wahalar da kanka.

Lokacin sara shi ne bayan kaka, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwan jikin itace ya ja baya. Wanda aka sara da damina cike yake da ruwa, yana yin fumfuna, kuma ƙwaro ya fi bin sa. Da zarto ake yanka, ba da adda ba. Adda tana girgiza itacen ta bar ƙananan tsaga a baki waɗanda ido ba ya gani, su ne ke buɗewa daga baya. A yanka a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan kututturen. Ƙananan rassa da ƙaya a datse su a bar ɗan tsini kamar faɗin yatsa, kada a share su daidai da jiki tun yanzu, domin kowane gurbi ƙofa ce da ruwa zai fita da gaggawa ya bar tsaga.

Ga inda hunturu ke cin amanar mutum. Lokacin da ya fi dacewa da sara shi ne kuma lokacin da iska ta fi bushewa. A Fabrairu da Maris danshin iska a ƙasar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Itace kuwa bututu ne a jere, ruwa yana fita ta bakin da aka yanka ninki goma ko fiye a kan yadda yake fita ta gefe. Sai baki ya bushe ya tsuke alhali ciki na nan jiƙe bai motsa ba, dole ya dare. Sandar da aka sara da safe aka yar a tsakar gida, kafin la'asar za ka ga bakinta ya yi zane kamar tauraro. Maganin wannan a toshe bakin a ranar, in da hali ma a gona. A narka kyandir biyu a gwangwanin madara, a tsoma kowane baki har zurfin gaɓar yatsa biyu, a bari ya daskare, a sake tsomawa. Kakin zuma ya fi kyandir don ba ya ɓarewa. Ragowar fenti mai mai ko farin gam na kafintoci ma suna yi, a shafa sau biyu. In babu ko ɗaya a hannu, a ɗaure bakin da leda kafin a iso gida. Manyan gurabun rassa su ma a ɗiga musu.

Ɓawo ya fi sauƙin fita tun itacen yana ɗanye, shi ya sa mutane ke gaggawar fere shi, kuma shi ya sa sandunansu ke tsagewa a tsaye. Ɓawo riga ce da ke rage gudun bushewa. A bar shi aƙalla sati shida. Ga itace mai kaurin ɓawo kamar darbejiya, ana iya jan wuƙa a fere siraran layi uku daga sama har ƙasa, a bar sauran, ruwa ya riƙa fita a hankali ta nan. Makiyaya suna da tasu hanyar, su gasa ɗanyar sanda a kan wuta har ɓawon ya yi baƙi ya saki, su murje shi, su bi ta da man shanu nan take. Wannan yana yi wa siririyar sanda, domin man ya maye gurbin ɓawon. Mai kauri in aka yi mata haka aka yi sakaci da mai kwana biyu, ta tafi.

Wurin shanya ya zama inuwa mai iska kaɗan: cikin zaure, ko ƙarƙashin rumfa ta ɓangaren da iskar gabas ba ta bugawa kai tsaye. Kada a jingina ta da bango, nauyinta zai lanƙwasa ta, kuma gara na jiran duk abin da ya taɓa ƙasa. A ɗaura igiya a kai a rataye ta a azara, a ɗaura dutse ko rabin bulo a gindi ya riƙa jan ta. In suna da yawa a haɗa biyar ko shida a ɗaure tamau a wuri uku, kai da gindi a saɓa, kowace ta riƙe 'yar'uwarta. Kwanon rufi yana zafi, a bar tazara tsakaninsu da shi. Rataye a madafi, nesa da harshen wuta inda hayaƙi kawai ke isa, yana korar ƙwaro yana kuma ba ta launi, amma sai bayan ta yi wata guda a wuri mai sanyi.

Masu wannan sana'a a Turai suna ba kowane inci na kauri, wato santimita 2 da rabi, shekara guda ya bushe. A nan iska ta fi tasu bushewa, wadda aka sara a Janairu takan kai zuwa Mayu, wata huɗu ko biyar ke nan. Kada a dogara da kalanda. A kai ta wajen mai sikeli a auna ranar da aka sara, a rubuta a jikin bango, a riƙa aunawa duk sati biyu. Da farko nauyin zai riƙa zubewa, daga baya ya rage gudu. Ranar da awo biyu a jere suka zo ɗaya, ta bushe. Kunne ma yana faɗa: buga gindinta a kan dutse, ɗanya tana amsawa da murya a dushe, busasshiya tana ƙara tas. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake so ya ba Baba sanda da babbar salla, ya sare ta da hunturu, aƙalla wata biyar kafin nan, kuma ya sare uku, domin a cikin uku da wuya ɗaya ba ta ba shi kunya ba.

In ka ga gari mai laushi kamar na tuwo yana zuba ƙarƙashin inda aka rataye ta, ƙwaro ya shiga. Nemi ramin, ƙarami ne kamar bakin allura. Rami ɗaya ko biyu, a ɗura kananzir da sirinji a toshe da kaki. Ramuka goma a wuri guda, cikin ya zama rariya, a sa ta a murhu. Tsamiya da gora su ne ƙwaro ya fi so saboda abincin da ke cikin farin namansu, shi ya sa ake nutsar da su a kududdufi sati biyu ko uku kafin shanya, ruwa ya wanke abin da ƙwaron ke nema.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne in ƙugiya za a yi. Miƙarwa kuwa sai ya bushe. Wanda aka miƙar yana ɗanye, yana bushewa yana komawa inda ya fito. A fere ɓawo, a ɗaga sandar a saiti ido kamar mai duba bindiga, a juya ta a hankali, a sa alama da gawayi a bayan kowane doro. A shafa wa wurin mai, a riƙe shi sama da garwashi, ba harshen wuta ba, tazarar taƙi guda, ana juyawa minti uku zuwa biyar, har zafin ya ratsa ya zama ba ka iya riƙe wurin da hannu. Rairayi mai zafi ko toka mai zafi sun fi garwashi aminci, a binne wurin minti goma. Zafi yana sassauta abin da ke manne da zaren itace, in ya huce ya sake kamawa a sabon matsayi. Sai a sa tsumma a gwiwa, a ɗora doron a kai, a ja hannu biyu a hankali, ko a sa a gwafar bishiya a danna. A wuce miƙe kaɗan, domin za ta ɗan dawo. A riƙe har ta huce, ko a shafa mata jiƙaƙƙen tsumma. Doro ɗaya a lokaci ɗaya, daga kai zuwa gindi. Kuskure biyu ake yi a nan: wuta mai yawa da ke ƙone waje alhali ciki da sanyi, sai ka ji ƙas; da kuma ƙona wurin har ya yi baƙi, wanda ke mai da shi gautsi ko da bai karye a ranar ba.

Makama mafi ƙarfi ita ce wadda Allah ya halitta tare da sandar. Tun wajen sara, in tsiron ya fito daga jikin wani reshe mai kauri, a yanko shi da guntun reshen, taƙi guda kowane gefe, daga baya a sassaƙa shi ya zama makama mai kwana. In daga saiwa ya fito, kamar yadda ɗunɗu ke yi, a tona a yanko da kan saiwar, a sami dunƙulen kai mai cika hannu. A irin wannan zaren itacen bai yanke ba, ya zagayo ne daga jiki zuwa makama, babu gam babu ƙusa. Sai dai wannan dunƙulen ya fi ko'ina son tsagewa, a lulluɓe shi da kaki sosai, a kuma ƙara masa wata biyu a kan lokacin bushewa. Tsawon makama kada ya wuce santimita 11 ko 12, faɗin tafin hannu da 'yar rara. In ta fi haka, hannu yana komawa can baki, nauyi ya bar saitin sandar, ta riƙa rawa, kwanar kuma ta riƙa shan wahala.

Kai mai ƙugiya irin na kwagiri shi ne aikin da ke raba gwani da mai koyo. Ana yin sa da itacen da bai wuce sati ɗaya ko biyu da sara ba, kuma a bar masa ƙarin santimita 45 ta wajen gindin tsiron, wurin da babu ido ko ɗaya. A fere wannan ɓangaren a rage shi zuwa kamar santimita 2 da kwata, a ɗan shafe cikin inda zai lanƙwasa. Kafin a kunna wuta a shirya komai: turke mai kaurin santimita 9 ko 10 a kafe shi da ƙarfi a ƙasa, wani ƙaramin turke a gefensa da zai tare jikin sandar, igiya, tsummoki, da mutum na biyu. A tafasa ruwa a rabin duro ko doguwar tukunya, a tsoma kan a ciki. Ƙa'idar masu tanƙwara itace awa guda ce ga kowane inci na kauri, kuma daga lokacin da ruwan ya tafasa ake ƙirgawa.

Abin da ya kamata a sani shi ne itace yana yarda a matse shi sosai, amma ba ya yarda a ja shi. Cikin lanƙwasa matsewa yake, bayanta kuwa jan ta ake, shi ya sa kullum ta baya take fashewa, zaren ya tashi kamar gashi. Don haka ake ɗaura langalanga a bayan, a kama ta tamau a farkon lanƙwasar da ƙarshenta, ta hana bayan miƙewa. A sa tsumma tsakaninta da itacen, in ba haka ba ƙarfen zai bar baƙin tabo da ba ya gogewa. Daga fitowa ruwa zuwa gama lanƙwasa bai kamata a kai minti guda ba. A ja a hankali amma ba tsayawa, a zagaye turken, a wuce inda ake so kaɗan, a ɗaure bakin da jikin sandar da igiya ko robar tayar keke. Washegari a zare daga turken ba tare da an kwance igiyar ba, a toshe baki da kaki, a rataye. Igiyar nan sai ranar da sandar ta gama bushewa za a kwance ta. Gwaiba da magarya suna jure wannan aikin. Darbejiya takan fashe.

Wanda bai sami ko ɗaya ba zai iya dasa makama, ta itace mai tauri ko ta ƙahon sa daga mahauta. A huda jikin sandar da makamar, kowanne zurfin santimita 6 ko 7, a sa ƙarfe mai zare na milimita 8, a cika da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a kuma sa zoben ƙarfe a wuyan don kada ƙarfen ciki ya tsaga itacen. A bar shi kwana guda cur. Ƙusa da farin gam kawai ba sa riƙe nauyin mutum, irin wannan ce ke cirewa a bakin masallaci.

Yanzu awo, kuma da mai sandar a tsaye ake yi, ba da ƙiyasi ba. Ya sa takalmin da ya saba fita da shi, ya tsaya yadda yake tsayuwa kullum. Ka ce masa, “Baba, saki hannunka kawai, kada ka miƙe don ni.” Ka juya sandar kai a ƙasa kusa da ƙafarsa, ka sa alama daidai layin wuyan hannunsa. Nan ne tsawon. Yawanci yakan zo kusan rabin tsayin mutum, mai santimita 170 sandarsa wajen 85. In ya riƙe ta, gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, kafaɗa ba ta ɗaga ba. Mai tsawo tana sa ciwon kafaɗa, gajera tana ƙara masa doro. A cire kaurin robar da za a sa a gindi daga lissafin, a kuma yanka da rarar santimita 2, ya yi yawo da ita kwana biyu, sannan a daidaita. A gaya masa kuma ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo, sanda da ƙafar mai ciwo su taka tare. Da yawa suna yin akasin haka, su ce sandar ce ba ta da amfani.

Sassaƙa ba ta da yawa. A yanke bakunan da aka toshe har sai an wuce duk wata tsaga. A share idanu da wuƙa mai kaifi daga gindin tsiro zuwa sama, yadda reshen ya fito, don kada a ɓantaro nama. Gizago na makama ne kawai, jikin sanda wuƙa da magagari sun isa. Daga nan a kankare da fasasshiyar kwalba, ita ce ke fitar da sumul ɗin da wuƙa ba ta iyawa, sannan samfefa lamba 80, da 120, da 220, kullum a bi tsawon itacen. A shafa jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe, za ka ji gashi ya tashi, a sake bi da 220. Makama kada a sirantar da ita don kyau. Yatsun tsoho mai sanyin ƙashi ba sa dunƙulewa sosai, kaurin santimita 3 zuwa 3 da rabi ya fi masa daɗi.

Gindi ya danganta da inda za a taka. A jigawa, inda rairayi ke da zurfi, tsini nutsewa yake, ana son gindi mai faɗi. A kan siminti da tayil, musamman wajen alwala da farfajiyar asibiti, ƙarfe santsi yake kamar an zuba kuɓewa. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyu. A yanko bututun ruwa na ƙarfe mai inci uku bisa huɗu, tsawon santimita 3, a sassaƙa masa kafaɗa a gindin sandar, a ɗan ɗumama shi, a buga ya zauna. Wannan yana hana gindin tarwatsewa. Sannan a sa roba a ƙasa: ko robar ƙafar kujera da ake sayarwa, wadda ta yi daidai da bututun, ko a yanko da'ira daga tsohuwar tayar babur a ɗaure da sukuru wanda kansa ya nutse cikin robar. In robar kujera ce, a jefa wani ɗan faifan ƙarfe a cikinta tukuna, in ba haka ba bakin bututun zai yanke ta cikin wata guda. Zobe kuma da rani ake sa shi. Wanda aka sa a Agusta itace na kumbure, zuwa Maris zai riƙa kaɗawa, kamar dai yadda ruwan fartanya ke yi a ƙota.

Mai son launi, lalle yana ba farin itace ja mai haske in aka kwaɓa aka shafa aka bar shi ya kwana. Baƙi kuma daga bagaruwa: a jiƙa dakakkun 'ya'yanta kwana biyu, a shafa ruwan ya bushe, a bi da ruwan tsamiya da aka jiƙa tsatsattsun ƙusoshi a ciki sati guda, nan take za ka ga ya rine. Zanen murɗe kuwa a naɗe sandar da jiƙaƙƙiyar kaba a karkace, a gifta ta a harshen wuta da sauri, a kwance. Zanen wuta da ƙarfe mai zafi irin na ƙwarya ya tsaya a sama-sama. Masu yanka zobe mai zurfi da wuƙa a tsakiyar sanda don ado suna nuna mata inda za ta karye ne.

Mai na ƙarshe, man kaɗe ya fi. A narka kashi huɗu da kashi ɗaya na kakin zuma, a shafa da ɗumi, a ajiye ta a hantsi rabin awa ta sha, a goge rarar da tsumma har sai hannu bai ji maiƙo ba. Sau uku, kwana bibbiyu tsakani. Man gyaɗa yana yin danƙo yana jawo kiyashi da ɓera. Baƙin man inji da wasu ke shafawa yana korar gara, amma ba abin da za a riƙe a tafin hannu kullum ba ne, ga shi yana ɓata farar riga. Fenti mai sheƙi na kafintoci yana kyau sati biyu, daga nan ya fara ɓarewa, kuma yana santsi da gumi. In za a kai wa baduku ya naɗe makama da jar fata, a bar wurin babu mai, kuma fatar a jiƙe ake ɗinka ta don ta tsuke in ta bushe.

Kafin a miƙa ta, wanda ya fi mai ita nauyi ya gwada. Ya kafa ta a ƙasa ya sauke mata nauyinsa duka, ya juya ta ya sake, ta kowane gefe. 'Yar lanƙwasa da ke dawowa ba laifi. In aka ji ƙara ko da ƙanƙanuwa, ko aka ga wani layi ya buɗe kusa da ido, ba ta zuwa hannun tsoho, a mai da ita ta korar kaji. Wadda ta wuce, a riƙa shafa mata mai a farkon hunturu da farkon damina, kada a bar ta a rana ko a jingine a bangon da gara ke bi. Robar gindi kuma a riƙa juyo ta ana dubawa duk wata biyu ko uku: gefe ɗaya take cinyewa, ta wajen da yake fara dasa ta a ƙasa, kuma da zarar kan sukurun ya fara leƙowa sai a canza.